Ciyarwa da Siminti

Ranar da alƙali ya ce a raba gidan biyu, Magini yana zaune abinsa. Abin da ya tashe shi tsaye shi ne maganar da ta biyo baya, da alƙali ya ce kotu za ta turo wanda zai auna ya ja katanga a tsakani.

"Allah ya gafarta Malam," in ji shi, "gidan da na ɗora tun daga tushe, wani ne zai zo ya ja masa katanga ina raye? Ni zan ja. Ko sisi ba na so."

Alƙali ya dubi matar, wato tsohuwar matar, don a lokacin wata huɗu ke nan da sakin. Ta ce ba ta da ja. Ta ce duk abin da za a faɗa a kan mutumin nan, ba a taɓa cewa katangarsa ta karkace ba. Magini ya ji daɗin maganar har ya manta a kotu yake, ya kuma manta yanzun nan aka ɗauke masa rabin gida.

Shekara goma sha ɗaya suka yi tare. Ita tela ce, a gida take ɗinki. 'Yarsu ɗaya, mai shekara bakwai, wadda tun da ta buɗe baki ba ta rufe ba, shi ya sa ubanta ya laƙaba mata Aku, sunan ya bi ta har makaranta. Abin da ya raba auren kuwa, in ka tambayi Magini zai ce baki ne, in ka tambayi Maman Aku za ta ce kunne ne: ita tana faɗa, shi ba ya ji. Da aka zo maganar gida ya shiga kotu da ƙarfinsa, yana nuna wa alƙali kantar da ke tafin hannunsa. Ita kuwa ta shigo da gwangwanin biskit ɗin da take tara maɓallai, ta zazzage shi a kan tebur, sai ga rasit na fili, da na kwanon rufi, da na ƙofofi, dukansu da sunanta. Aka ce rabi da rabi, yarinya tana wajen uwa, uba ya riƙa ba da kuɗin ciyarwa duk ƙarshen wata.

Ya ja katangar a kwana shida, da bulo mai inci tara. Ma'aikacin kotu ya zo da tef ɗinsa, ya auna ya sake aunawa, bai sami cutar ko yatsa ɗaya ba. Sai dai Magini ya san inda ya bi da igiyarsa. Ƙofar gida ta faɗo ɓangarensa, haka famfo, haka banɗaki, haka mitar wuta. Ita ta tashi da ɗakuna biyu da kicin da tsakar gida mai faɗi. Ya bar ɓaraka a katangar, daidai wucewar mutum ɗaya, don su riƙa bi ta wajensa in za su fita ko za su ɗebi ruwa. Ya gaya wa abokinsa Mai Walda cewa ya yi haka ne don ta gane kurenta, ya kuma faɗa da irin muryar da mutum ke yi in yana so a yarda da shi.

Gaskiyar maganar dai Aku ce. Kowace safiya sai ta ɓullo ta ɓarakar nan da buroshi a baki, kumfa har haɓa, tana ba shi labarin mafarkin da ta yi, da wanda malama ta sa ya durƙusa jiya, da kyanwar maƙwabta da ta haihu cikin kwali. Shi kuma yana zaune a kan bulo yana ɗaure takalmi yana cewa "to" da "ikon Allah." Magini ba ya tsoron tsayin bene, ba ya tsoron ɗan kwangila mai faɗa, amma yana tsoron ranar da zai wayi gari bai ji wannan muryar ba. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, don a ganinsa irin wannan magana ba ta mai cokalin gini da siminti ba ce.

Wata ya ƙare, Maman Aku ta tsaya a bakin ɓarakar ta ce, "Baban Aku, wata ya mutu."

"Allah ya ji ƙansa," in ji shi.

Ba wai ba shi da kuɗin ba ne. Aiki yana hannunsa, a lokacin ma bene yake ɗorawa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ya ƙirgo kuɗi ya miƙa wa matar da ta zazzage masa gwangwani a gaban alƙali. Ya rantse wa Mai Walda cewa guminsa ba zai koma zare da maɓalli ba. Sai wata dabara ta zo masa, irin dabarar da mai ita kaɗai ke ganin kyanta. Ya ji tana ƙorafin masu kawo ɗinki suna jin nauyin ratsawa ta tsakar gidansa. Ranar da ba shi da aiki ya ɗauki guduma ya fasa mata ƙofa ta ɓangaren lungu, ya zuba lintal a samanta, Mai Walda ya haɗo ƙyauren ƙarfe, ya yi dakali biyu a waje. Da ya gama ya kaɗe hannu ya ce ga kuɗin ciyarwar wannan wata.

Ta dubi ƙofar, ta dube shi. "Yarinyar ƙofa za ta ci?"

"Je ki tambayi kuɗin ƙyauren nan kaɗai. Ni na yi asara ma."

Ta kai shi kotu. Alƙali ya ce kotu kuɗi ta ce, ba ta ce ƙofa ba. Magini ya ce ya ji. Wata na biyu ya gyara mata inda rufi ke yoyo. Ta sake ɗauko sammaci, ya sake cewa ya ji, da ladabinsa, har da ranƙwafawa. Kowane zuwa kotu kuwa yini guda ne keken ɗinki bai juya ba, ga kuɗin mota, ga masu ɗinki suna zuwa suna tarar da kwaɗo a ƙofa. Daga na biyun ba ta sake komawa ba, Magini ya ɗauka ya yi nasara ke nan.

Wata rana da yamma ta same shi yana wanke cokalinsa a bakin famfo. Ba da faɗa ta zo ba, abin da ya sa ma bai gane muhimmancin zuwan ba.

"Baban Aku, ka saurare ni sau ɗaya. Ɗinkin nan ba ya riƙe mu. Abinci, makaranta, magani, duk a kan keke ɗaya. Yaya ya dame ni in koma can wajensa, ya ce akwai shago kusa da gidansa. Ni ba na so in raba yarinyar nan da kai. Amma in ba ka taimaka ba, sai in sayar da ɓangarena mu tafi."

Garin yayan nata kuwa tafiyar yini guda ce a mota. Da wani ne da gabansa ya faɗi. Magini dariya ya yi, dariyar gwani da aka shigo masa fage.

"Ki sayar? Wa zai saya? Rabin gida ba banɗaki, ba ruwa, ba mita, bango ba filasta, ƙasa ba tayil, katanga da ɓaraka kowa na leƙa kowa. Ko kyauta kika bayar sai an yi shawara. Ni fa sana'ata ce, na san abin da mai saye ke dubawa."

Ta kafe shi da ido, har ya ɗan tsargu.

"Me da me ka ce?" ta tambaya.

Shi kuwa, Allah sarki, ya sake lissafa mata, a hankali, yana lanƙwasa yatsu.

Da wata ya ƙare ba ta yi maganar kuɗi ba. Ta ce tunda ya fi son aiki, to Aku ta fara girma, bai kamata tana ratsa tsakar gida da tawul ba, ya yi musu banɗaki. Magini ya ji kamar an ba shi kwangilar fada. Ya haƙa rami, ya ɗora, ya sa tayil fari har rabin bango, ya gyara gangaren ƙasa yadda ko ɗigon ruwa ba ya kwana. Aikin kwana huɗu ne, ya ja shi kwana goma sha biyu, don sai ya taso daga wajen aiki yake shigowa, Aku ta kifa bokiti ta zauna kusa da shi tana zuba. Ta tambaye shi me ya sa siminti ke shan ruwa amma ba ya fitsari. Ya yi dariya har cokali ya faɗi daga hannunsa.

Bayan banɗaki sai famfo. Bayan famfo sai mita, ya kawo mai gyaran wuta da kansa ya tsaya a kansa. Sai filasta, sai tayil na ɗakuna. Wani kayan ragowar wajen aiki ne, wani kuwa da kuɗinsa ya saya, kuma in da zai zauna ya duba da ya ga ya kashe fiye da abin da alƙali ya yanka masa. Bai duba ba. Shi dai bai miƙa mata kuɗi a hannu ba, wannan ya ishe shi. Kuma bai iya aikin ha'inci ba ko da ya so. In layin tayil ya kauce da ƙwayar shinkafa sai ya ɓamɓare ya sake, kada gobe a ce wa ya yi wannan a ce shi ne.

Maman Aku ta daina ƙorafi. In yana aiki takan ajiye masa ruwan sanyi a kan taga, wani lokacin har da shayi. Keken ɗinkinta yana ta ƙara a ɗaya ɗakin, ya lura ta rame, ya lura takalmin makarantar Aku ya buɗe baki an ɗinke shi da zare baƙi, amma abin da ya fi lura da shi shi ne shayin.

"Ta fara saukowa," ya gaya wa Mai Walda. "Jiya har sukari ta ƙara."

Mai Walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dube shi. "Kai dai ka ba ta kuɗin yarinya."

"Kai ƙarfe ka sani, ba ka san mata ba."

A wata na tara ta kira shi bakin ɓarakar. An koro Aku daga makaranta ranar, tana zaune a ɗaki, karon farko da ya ga bakinta a rufe.

"Abu biyu ne, ka zaɓi ɗaya," in ji Maman Aku. "Ko ka ba ni kuɗin wannan watan in kai makaranta, ko rabi ne, a bar ɓarakar nan yadda take. Ko kuma ka toshe ta, shi ne aikin da ya rage."

Ta faɗa tana kallon ƙwayar idonsa. Ko Mai Walda da ya san ƙarfe kaɗai da ya gane roƙo take yi. Magini ya ji abin ya taɓa shi, hannunsa ma ya kai bakin aljihu. Sai ya tuna rantsuwar da ya yi, ya tuna gwangwanin biskit, ya kuma tuna yana da ragowar bulo goma sha takwas a bayan ɗaki suna zaman banza. Ya ce a ransa kuɗin makaranta zai kai da kansa gobe, ba sai ta hannunta ba. Aku kuwa sai ta riƙa zagayowa ta lungu, ai taku ashirin ne.

"Katanga mai ɓaraka ba ta yi kama da aikina ba dama," in ji shi.

Ta ce to. Ta koma ɗaki, keke bai yi ƙara ba sai can da jimawa.

Ya toshe ta a yini ɗaya, ya shafe da filasta ciki da waje, ya bi da fenti. Ko shi da ya yi aikin sai ya shafa da hannu kafin ya gane inda ɓarakar take. Kuɗin makaranta kuwa ya kai, bayan kwana uku, ya tarar an riga an biya. Ta sayar da ɗan injin surfanin da take da shi ban da keken, ta biya.

Aku ta ci gaba da zuwa da safe ta lungu, ba kullum ba, don yanzu suna da famfonsu. Wata safiya ta zo da labari.

"Baba, wani mutum mai jaka ya zo gidanmu da wani mai tumbi. Mai tumbin ya ƙwanƙwasa bango, ya buɗe famfo ya rufe, ya shiga banɗaki ya zuba ruwa yana kallo. Ya ce wanda ya yi aikin nan gwani ne."

"Haka ya ce?"

"Sau biyu ma."

Magini ya wuni ranar yana murmushi a kan bene. Har ya gaya wa leburori cewa aiki mai kyau ba ya ɓuya.

Da bakinta ta gaya masa, ranar da aka sa hannu a takarda. Ta zagayo ta lungu ta yi sallama a ƙofarsa kamar baƙuwa. Ta ce mai jakar dillali ne, mai tumbin ya sayi ɓangarenta, ya biya, ya ba ta zuwa ƙarshen wata. Ta ce dillalin ya taɓa zuwa tun farkon rabuwa ya ce ba zai ɓata takalminsa ba, wannan karon kuwa mutum uku ne suka yi rububi.

Magini ya zauna a kan bulo.

"Kin cuce ni."

"Na gaya maka a bakin famfon can. Na sake gaya maka a bakin katanga. Wanne ne ban faɗa ba?"

"Ai da kin ce da gaske kike."

"Shekara goma sha ɗaya da gaske nake, Baban Aku."

Wannan karon shi ya ɗauko sammaci. Ya tsaya gaban alƙali ba ranƙwafawa, ya ce a hana ta. Alƙali ya ce ɓangarenta nata ne, ta sayar ko ta zuba kaji a ciki. Yarinya kuma tana hannun uwa, ba wanda ya hana uba zuwa ganinta duk lokacin da ya so. Sannan ya buɗe fayil ya ce tunda an zo, akwai maganar kuɗin ciyarwa na watannin baya da ba a biya ko ɗaya ba. Ya tambayi Maman Aku abin da take nema.

"Ba na bin sa komai, Allah ya gafarta Malam. Ya ce aikin da ya yi shi ne kuɗin. Na karɓa a haka. A rubuta ya biya."

Aka rubuta. Magini ya fito daga kotu ya ci shari'ar da ya kusa shekara yana ja, bai ma san ta wace hanya ya dawo gida ba.

Ranar tafiya motar kaya ta tsaya a bakin lungu tun da hantsi. Ya ce ba zai fito ba. Ya ji ana fitar da gado, ya ji ana cewa a yi hankali da keke, ya ji muryar Aku tana ba masu lodi umarni. Sai ga shi a waje, da ambulan a hannu. Ya miƙa wa Maman Aku ba tare da ya dube ta ba. Kuɗi ne, na dukan watannin, ya ƙirga su tun da asuba. Abin bai ɗauke shi ko minti biyar ba, wannan ne ma ya fi ci masa rai.

Ta juya ambulan ɗin a hannu. Ya ga idonta ya kawo ruwa, ya yi tsammanin za ta ce wani abu da zai sa a sauke gadon.

"Na Aku ne, zan karɓa," ta ce. "Allah ya amfana. Lambar Yaya tana wajenka. Ƙofa a buɗe take."

Aka ɗora Aku a gaba kusa da direba. Ta leƙo ta taga, ta yafito shi da hannu, ta rage murya yadda take yi in za ta faɗi sirri, wato yadda duk lungun zai ji.

"Baba, na tambayi Mama. Ta ce gidan kawu sabo ne, babu abin da ya lalace."

"To, madalla," in ji shi.

"Amma kar ka damu. Muna zuwa zan karya kan famfo. Sai Mama ta kira ka ka zo."

Ya buɗe baki zai ce mata ba sai ta karya komai ba, zai zo haka nan. Sai ya tuna tun da aka ja katangar bai taɓa shiga wajenta ba sai da cokali da bokitin siminti, ko sau ɗaya, kuma yarinyar abin da ta gani ta faɗa. Direba ya tayar da mota.

"To," ya ce. "Ki karya a hankali, kada ki ji ciwo."